Tambayoyi da amsoshi kan garken masu rikiɗa a wasan Werewolf: The Apocalypse

Kusan duk sabon da ya shigo wasan nan tambayoyinsa iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su waje guda. Yawancin abin da zan faɗa daga tsofaffin bugu ne, inda sabon bugu ya canja abu zan nuna.

Wai tukuna ma, wane irin wasa ne wannan?

Wasan kwaikwayo ne na zaune, ba na kwamfuta ba. Mutum huɗu ko biyar za su zauna, ko a ɗaki ko a manhajar hira ta Discord, kowa ya ɗauki karakta ɗaya ya riƙa magana da yawunsa, sai mutum ɗaya ya zama mai ba da labari, shi ke riƙe da duniyar da abokan gaba da duk sauran mutanen cikinta. In ana so a san ko abu ya yiwu sai a jefa dayis, mai fuska goma ba mai shida irin na ludo ba. Kamfanin White Wolf na Amurka ne ya fitar da shi a 1992, shekara ɗaya bayan Vampire: The Masquerade, kuma Mark Rein-Hagen ne ya ƙirƙiro su duka biyun. An sake buga shi a 1994 da 2000, an yi bugun cika shekara ashirin, sannan bugu na biyar ya fito a 2023.

Karaktocin sunansu Garou, mutane ne masu rikiɗa su koma kyarkeci, suna da kama biyar daga cikakken mutum zuwa cikakken kyarkeci, ta tsakiyar ita ce Crinos, ƙaton dodon nan mai tsayuwa da ƙafa biyu. Aikinsu kare Gaia, wato duniya, daga Wyrm mai lalata komai, kuma abin da ya sa labarin yake da ɗaci shi ne sun riga sun kusa faɗuwa yaƙin, kuma rabin laifin nasu ne.

Ina jin ana cewa garke, ana cewa sept, ana cewa ƙabila. Ba abu ɗaya ba ne?

A'a. Garke shi ne ku 'yan wasan da ke zaune a tebur, 'yan tsiraru, galibi ba ku wuce biyar ko shida ba, tare kuke kwana tare kuke faɗa. Sept kuma tarin garkuna ne da suka taru suna gadin wuri mai tsarki guda da ake kira caern, can ne dattawa suke, can ake shari'a, can ake taro. Ƙabila kuwa ta fi su faɗi, tana ko'ina a duniya, ita ce ke ba ka asali da ra'ayi da abokan gaba na gado.

Toh matsalar tana zuwa ne da yake garke ɗaya zai iya haɗa 'yan ƙabilu daban daban, sai ka ga dattijon ƙabilarka ya kira ka gefe ya ce kar ka yarda da wancan yaron na ƙabilar Shadow Lords, alhali yaron nan jiya ya ɗauko ka a kafaɗa daga bakin mutuwa. Wa za ka bi? Wannan tambayar kaɗai ta isa ta riƙe labari wata da watanni.

Dole ne sai garke ya samu alfa, wato shugaba? Kuma shi alfan komai ya ga dama zai yi?

Nan ne sababbi suka fi ɓata wasa wallahi. Mutum zai zo ya ce shi alfa yake so, abin da yake nufi kuwa shi ne ya riƙa daka wa kowa tsawa yana cewa ni ne shugaba ku yi min shiru, bayan zama biyu sauran 'yan wasa sun gaji sun daina zuwa, ya zauna shi da alfancinsa.

Ita kanta maganar alfa a wajen kyarketai na gaskiya ta daɗe da rushewa. Asalinta binciken wani masani ne Rudolf Schenkel da ya fito a 1947, ya yi shi ne a gidan zoo na Basel a Suwizalan, inda aka kwaso kyarketai da ba su haɗa jini ba aka cusa su keji ɗaya, to me zai hana su faɗa? Daga baya David Mech ya yaɗa ra'ayin a littafinsa na 1970 wanda ya karɓu sosai. Shi Mech ɗin ne kuma ya je tsibirin Ellesmere a can ƙuryar arewacin Kanada ya shafe bazara 13 yana kallon kyarketai a daji, ya dawo a 1999 ya rubuta cewa garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, waɗanda ake kira alfa ɗin iyaye ne, ba da kokawa suka hau ba, haihuwa suka yi. Har ya yi ta roƙon masu buga tsohon littafin nasa su daina bugawa.

Wasan ya fito a 1992 kafin wannan gyaran, don haka akwai alfa a cikinsa, ba musu. Amma ko a cikin wasan ba sarkin yanka ba ne. Dokar Garou ta ce za a iya ƙalubalantar shugaba kowane lokaci in ana zaman lafiya, sai in ana yaƙi ne ba a taɓa shi. Kuma garkuna da yawa suna juya shugabancin ne gwargwadon abin da ke gabansu, in faɗa ne mayaƙi ya ja gaba, in sulhu za a je alƙali ya yi magana, in an shiga duniyar iskoki kowa ya ja bakinsa ya bi masanin iskoki. A ganina alfa mafi daɗin wasa shi ne wanda ya san gobe za a iya tsige shi, kuma in an yi asarar rai shi zai tsaya gaban dattawa ya yi bayani. Kaya ne a ka, ba rawani ba.

Akwai kuma shugabanni 'yan dabara da kullum sai su ce ai yanzu lokacin yaƙi ne, tunda dai yaƙi da Wyrm ba ya ƙarewa, don kar kowa ya samu damar ƙalubalantarsu. In kai ne mai ba da labari ka riƙe wannan, mugun dattijo mai kyau ake ginawa da shi.

Ya ake yin ƙalubalen? Faɗa ne kawai?

Hanya uku ce sanannu. Akwai kallon-kallo, a tsaya ido cikin ido har ɗaya ya kau da kai, haɗarinsa shi ne wani kan hasala a tsakiya ya rikiɗe ya afka wa ɗan'uwansa. Akwai gasar wayo, kacici-kacici ko wata dabara. Sai kuma fito-na-fito, wani lokaci har da klaive, wata doguwar wuƙar azurfa da ake gado, kuma tunda azurfa ce makasar Garou in aka zaro ta to magana ta yi nisa. Kowane sept na da mai kula da ƙalubale, shi ke tabbatar da an bi ƙa'ida. Wanda ya miƙa wuya cikin mutunci dole a karɓa, kashe shi bayan ya sallama babban abin kunya ne.

Me ya haɗa wata da aikin mutum a garke?

Yanayin da wata yake a daren da aka haife ka shi ke yanke aikinka. Wanda aka haifa a daren da babu wata shi ne Ragabash, ɗan tsokana mai tambayar abin da kowa ke tsoron tambaya, kuma shi ake turawa leƙen asiri. Na jinjirin wata Theurge ne, mai hulɗa da iskoki. Na rabin wata Philodox, alƙali mai riƙe doka. Wanda wata ya haura rabi bai cika ba Galliard ne, mawaƙi mai ajiye tarihi. Na wata ɗan sha huɗu kuwa Ahroun, mayaƙi, ya fi kowa fushi.

Kowa Ahroun yake rububi, amma ni Ragabash nake ba mutane shawara su duba da kyau, don al'ada ta ba shi lasisin yi wa manya ba'a a bainar jama'a, abin da in wani ya yi sai an fasa masa baki. Al'ummar da ta ginu kan biyayya ta ware mutum guda ta ce aikinka ka nuna mana inda muke shirme, ai ba ƙaramin tunani ba ne. Sai dai a kula, ɗan tsokana daban, ɗan iska mai ɓata wa 'yan tebur rai daban.

Ba dole ba ne garke ya haɗa duka biyar ɗin, amma ana ganin wanda ya haɗa su a matsayin cikakke.

Ƙabilu nawa ne, kuma wacce ce ke mulki?

A yawancin tsofaffin bugu 13 ne. Silver Fangs ne gidan sarauta, tushensu ya fi ƙarfi a Rasha, sai dai auren zumunci na tsawon zamani ya sa taɓin hankali ya yi musu yawa, kowa na rusuna musu a fili yana gulmarsu a ɓoye. Shadow Lords na gabashin Turai su kuma kullum idonsu na kan kujerar. A can ƙasa akwai Bone Gnawers, 'yan kwana a titi da cin bola, kowa ya raina su amma sun fi kowa sanin abin da ke faruwa a gari. Glass Walkers 'yan birni ne masu kwamfuta da kamfanoni, Red Talons kuma duk cikinsu babu wanda mutum ya haifa, kyarketai ne zalla kuma da za a bi tasu da an rage 'yan Adam. Black Furies mata ne, asalinsu Girka. Silent Striders daga Masar suke, an yi musu baki an kore su daga ƙasarsu, shi ya sa ba sa zama waje ɗaya. Sauran ka gani a littafi.

Akwai uku da suka ɓace, Croatan da Bunyip da White Howlers. Bunyip na Ostareliya 'yan'uwansu Garou ne da kansu suka ƙarar da su, White Howlers kuma suka faɗa hannun Wyrm suka koma Black Spiral Dancers. A bugun 2023 an canja wa wasu suna, Wendigo ta koma Galestalkers, Uktena ta koma Ghost Council, Fianna ta koma Hart Wardens, sannan Get of Fenris an fitar da su daga waɗanda ake wasa da su.

Mene ne Litany?

Dokokinsu ne guda 13 da ake rerawa a taro. Wasu a bayyane suke, kar a ci naman mutum, kar a tona asirin Garou ga 'yan Adam, a girmama yankin wani, kar a yi abin da zai jawo a keta caern. Wannan ta ƙarshen ba ta da sassauci ko kaɗan.

Amma daɗin Litany shi ne dokokin suna karo da juna. Ɗaya ta ce ka yi biyayya ga na sama da kai, wata ta ce ka girmama na ƙasa da kai don duk 'ya'yan Gaia ne, to manya suna haddace ta farko su manta ta biyu. Ɗaya ta ce ka yaƙi Wyrm duk inda yake, wata ta ce kar ka shiga yankin wani ba izini, to in Wyrm ɗin yana cikin yankin wani sept kuma sun ƙi ba ku izini fa? Akwai wadda ta ce kason farko na abin da aka kashe na babba ne, dattawa masu haɗama suka faɗaɗa ta har ta haɗa da duk wani abu mai daraja da yara suka samo a fagen fama, ku sha wuya wani tsoho ya miƙo hannu.

Wadda ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce mai cewa kar ka bari jama'arka su yi jinyarka. Ma'ana in ka tsufa ko ka nakasa har ba ka da amfani, ka tafi ka mutu, har al'ada ta musamman gare su ta rakiyar tsohon da zai tafi. Ba kowace ƙabila ke bin ta haka ba, Children of Gaia suna riƙe tsofaffinsu. In kana son zaman da zai sa tebur ya yi tsit, ka sa dattijon da ya koya wa garken komai ya fara rasa ƙarfinsa.

Ya ake hawa muƙami?

Da suna. Ba lebul ake tarawa ba ta kashe dodanni, abin da jama'a suka shaida a kanka shi ne jarinka, kuma kashi uku ne: jarumta, mutunci, hikima. Ahroun ya fi buƙatar jarumta, Philodox mutunci, Theurge hikima, Ragabash kuwa kowanne ya samu ya wadatar. Matakan su ne ɗan koyo wanda bai da ta cewa, in ya ci jarrabawar shiga ya zama Cliath, sai Fostern, Adren, Athro, sannan dattijo. Ko sunanka ya kai sai ka ƙalubalanci wani na sama da kai ya ba ka aiki ka cika kafin a yarda ka hau.

Abin lura anan, aikin da ba wanda ya ji labarinsa kamar ba a yi shi ba ne. Shi ya sa garken da ba shi da Galliard yake shan wahala, ku yi bajinta a daji ba mai rera ta a taro. Kuma shi ya sa ba a faɗa da Galliard, in ya so sai ya ba da labarin ta yadda kai ne za ka fito matsoraci ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. Suna yana zubewa kuma, ka gudu daga faɗa ko ka yi wa dattijo rashin kunya a rage maka.

Me ake yi a moot, wato taron sept?

Galibi a daren cikar wata ake yinsa a caern. A buɗe da kuka baki ɗaya, a gaida iskokin wurin, sai a zo wajen da ake kira fasa ƙashi, wanda shi ne zaman shari'a da ƙorafi, wani mai muƙamin da ake kira mai kamo gaskiya ya jagoranta, kuma manya ke fara magana yara su jira. Bayan nan labarai da waƙoƙi, a ƙarshe a ɓarke da gudu da farauta a zagaye yankin.

Masu ba da labari da yawa suna tsallake moot don wai ba faɗa a ciki, kuskure ne babba. Duk abin da garke ya shuka a wata nan ake girbe shi. Shawara ɗaya dai, kar ka zauna kai kaɗai kana magana da muryar dattawa shida 'yan wasa na hamma, ka ba su abin da za su kare ko wanda za su tuhuma.

In mutum ya karya doka me ake masa?

Yawancin hukuncinsu kunyatarwa ne. Akwai wanda za a ƙaurace maka, ba mai yi maka magana ba mai kallonka na wani lokaci. Akwai na dutse, a riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu kowa ya faɗi laifinka ya yi wa dutsen alama. Matsoraci kuma ana iya mayar masa da murya 'yar siririya irin ta dila, duk inda ya buɗe baki an san abin da ya yi. Sama da haka akwai sauke muƙami, akwai kora, akwai farautar mai laifi har lahira. Ƙananan laifuka kuwa akwai al'adar ban haƙuri, ka kawo kyauta ka ƙasƙantar da kai a wuce wajen.

Su waye metis da kinfolk?

Dokar farko a Litany ta hana Garou biyu su haihu tare. In suka yi, ɗan da za a samu shi ne metis, yana zuwa da nakasa, ba ya haihuwa, kuma duk rayuwarsa ana goranta masa laifin da ba shi ya yi ba, alhali a sept ya tashi ya fi kowa sanin al'ada. Kinfolk kuma dangi ne na jini, mutane ko kyarketai, da ba sa rikiɗa. Su ke kawo kuɗi da mafaka, su ke aure da Garou su haifi na gaba, amma a taro ba su da murya, wasu ƙabilun ma kamar kaya suka ɗauke su.

Littattafan ba yabon wannan tsari suke ba, suna nuna shi ne a matsayin ɗaya daga cikin ruɓewar al'ummar. Bugun 2023 ya cire metis gaba ɗaya, dama an daɗe ana sukar sunan tunda akwai al'umma ta gaskiya a Kanada mai wannan suna. In za ku taɓo waɗannan batutuwa ku yi magana tun kafin a fara, ba kowa ke son a yi wasa da gorin haihuwa ba.

Shi totem ɗin garke fa?

Iska ne da ya ɗauki garken a matsayin 'ya'yansa, 'yan wasa ke haɗa maki su same shi. Zai ba ku wata baiwa, shi kuma ya kafa muku sharaɗi, misali in Ɓera ne ba ku ba kashe ɓeraye. Shi ne ke mai da tarin mutane garke na gaskiya. Ku zaɓe shi tare, kar mutum ɗaya ya yanke.

Kyarkeci kaɗai ne? Mu da ba mu da shi sai kura fa?

Akwai sauran masu rikiɗa da ake kira Fera: Bastet masu komawa dangin kyanwa irin su zaki da damisa, Corax hankaki, Mokolé kada, Ratkin ɓera, Ananasi gizo-gizo, Gurahl beyar. Garou sun taɓa yi musu kisan kiyashi a zamanin da saboda girman kai, don haka ba sa ga maciji. Masu komawa kura sunansu Ajaba, 'yan Afirka ne, kuma a labarin wasan wani zaki mai suna Black Tooth ya kusa ƙarar da su.

Mutum ya rikiɗe ya zama kura ba baƙon labari ba ne a wajenmu, akwai shi a tsofaffin labaran Borno, a Habasha ma akwai buda da ake jingina wa maƙera. In za ka gina garken kuraye kar ka ɗauko tsarin kyarkeci ka liƙa musu. A wajen kura mai dabbare-dabbare mata ne ke sama, ɗiya tana gadon matsayi ne dab da na uwarta, ƙanwa ma tana hawa kan yayarta, namiji kuwa in ya girma barin gida yake ya je wani dangi ya fara daga can ƙasa. Ka ga ɗan wasan da ya ɗauki namijin kura baƙo ne a dangin da yake, komai ƙarfinsa sai ya yi haƙuri ya nemi wadda za ta tsaya masa. Wannan siyasa ce daban gaba ɗaya.

Duk wannan maganar iskoki da Gaia, ba matsala a addini?

Ƙagaggen labari ne, ba wanda ke tashi ya yi wani tsafi, ana cewa ne karakta ta ya yi kaza a jefa dayis. Amma fatawa aikin malamai ce ba tawa ba. Wanda ransa bai kwanta ba yana iya rage ɓangaren iskokin ya bar doka da muƙami da siyasar dattawa, wasan zai tafi, ko ya haƙura da shi baki ɗaya.

Ni karakta na ɗan kaɗaici ne, ba ya bin kowa. Zai yiwu?

A duniyar wasan akwai irinsu, ana kiransu Ronin, waɗanda suka bar ƙabila ko aka kore su, kuma rayuwarsu ba daɗi, ba caern ɗin da zai karɓe su hannu biyu, ba mai koya musu komai, Wyrm kuma su yake fara nema. A tebur kuwa gaskiya ban ba ka shawara ba, sauran mutum huɗu za su zauna suna jira kai kana can kana yawo kai kaɗai. In kaɗaicin ne ke burge ka ka ɗauki Silent Strider da aka tilasta masa zama da garke, ko wanda tsohon garkensa suka mutu ya rage shi ɗaya yana tsoron sake sabawa da wasu. Ka faɗa wa mai ba da labari tun kafin zaman farko don ya san ta inda zai ɗaure ka da sauran.